Akuyar Nowel a Gidan Takaba

Da sunan Allah na fara, kuma wanda ransa zai ɓaci a cikinku ya yi haƙuri tun yanzu. Ku 'ya'yana da jikokina, kada ku ɗauka ban san abin da ake faɗa a kaina ba a nan Parakou, daga unguwar Kpébié har Ladjifarani. Wai Hajiya Maryama ta tsufa ta rikice, ta koma cin Nowel, wato Kirsimeti. Wai ta ɗauki wuƙa ta yi yanka kamar namiji don ta kunyata ɗanta na fari a gaban baƙi. Yankan dai na yi shi, ban taɓa musawa ba, gobe ma in ta kama zan sake. Amma maganar kunyatawa ƙarya ce tsagwaronta, kuma ba zan shiga kabari in bar ku da ita ba.

Ni 'yar Djougou ce, gidanmu gidan fataken goro ne tun kakanni. Babanku kuwa mahauci ne na Parakou, mutum mai ƙarancin magana, wanda in ya ce maka kalma biyar a yini to ranar yana cikin raha. Ɗanmu na biyu, Bashiru, shi ya bi shi sana'a, yana yawon kasuwannin shanu yana sayo masa dabba. A wannan yawon ya ga Rozin, 'yar ƙauyen Partago kusa da Djougou, tana sayar da sakwara a bakin tasha, Kirista ce gaba da baya. Na yi faɗa har muryata ta dushe, babanku ya ce addini bai hana ba, aka ɗaura. To, yarinya ta shigo ta rufe mini baki da halinta. Ta haifi mace aka yi mini takwara, ta haifi namiji aka sa masa Yusufu. Yusufu bai fara tafiya ba babur ya kayar da Bashiru a hanyar dawowa daga kasuwa, aka kawo mana shi a naɗe.

Da Rozin ta gama zaman makoki ta ce za ta koma gidan ubanta, Baba Pol, manomin doya ne a Partago. Babban yayanku, wanda bakina ba ya kiran sunansa, sai dai in ce Babba, ya tashi ya ce ta tafi ita kaɗai, yara na gidan ubansu ne, ba za a kai jinin Musulmi inda ake kaɗa ƙararrawa ba. Ni ma a raina haka nake so, wallahi, don in na kalli goshin Yusufu Bashiru nake gani. Babanku ya saurare mu duka, sannan ya ce yaro yana shan nono, yarinya ba ta barci sai a bayan uwarta, shi ba zai ƙara wa marayu wani maraicin ba. Suka tafi. Watanni suka shige ba mu je ba, ba su zo ba. Kowane ɓangare yana jin nauyin ɗayan, kuma babu mai dalilin da zai taka ƙofar wani.

Ana cikin haka, Nowel ta matso, sai ga saƙon Baba Pol ta bakin wani direba. Wai yana da akuya, yana da maƙwabta Musulmi, babanku ya taimaka ya zo da wuƙarsa. Kun san al'adar ƙauyukan nan: Kirista in zai yi bikinsa sai ya kira Musulmi ya yanka masa, don in an raba nama kowane gida ya ci ba tare da shakka ba. Amma jama'a, Partago fa cike take da Musulmi, ga masallaci nan a bakin titi. Mutum zai tsallake su duka ya aiko Parakou neman mai yanka? Na dubi babanku, ya dube ni. Ya tashi ya ɗauko dutsen washi. Haka tsofaffin nan biyu suka yi ta yi shekara da shekaru. Baba Pol bai taɓa cewa ku zo ku ga jikokinku ba, babanku bai taɓa cewa mun zo ganin yara ba. Akuya kawai ake zance.

Daga nan tafiyar ta zama ta kowa. Da an ba yara hutu a lakwal, wato makarantar boko, sai in tattara jikoki kaf, har da 'ya'yan Babba, babanku ya ɗauki bashe guda, wato motar nan mai tanti a baya, mu cika ta da yara da tabarmi da kwanon cincin. Kafin mu fita daga gari an fara dambe a kan wa zai zauna a baki, wani ya yi amai, wata takalminta ya faɗi a titi. Ina ta zagi, suna ta dariya. Mukan wuce Djougou mu kwana a gidanmu, yara su ga kakannin uwa, su ci wagashi soyayye, cukun Fulani, har ciki ya ɗaure, su yi ta tambayar dalilin da ya sa ɗakin goro yake da sanyi. Da safe mu nufi Partago. Tun daga nesa za ka hango takwarata da Yusufu a bakin hanya, an yi musu wanka an shafa musu hoda har wuya. Can ana kiransu Mari da Jozef, abin yana sukar raina, amma da sun rugo suna Kaka, Kaka, sai in manta. Babanku ya yi yanka, Baba Pol ya yi fiɗa, mata su kama dakan sakwara. Masu shan giyar cukutu su koma bayan gida saboda mu, a shimfiɗa mana tabarmar salla a ƙarƙashin mangwaro. Yara su bazu gona su dawo kamar an tono su daga rami. Yini guda ne tak a shekara, amma a kansa nake rataye sauran kwanakin.

Shekarar da nake son ku sani ita ce wadda babanku ya rasu. Bayan damina ne, ya dawo daga mayanka ya ce kansa na sara, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Baba Pol ya zo ta'aziyya shi kaɗai, ya zauna a zaure cikin maza da hularsa a hannu. Daga baya 'yar'uwata ta kawo mini labarin cewa da zai tafi Babba ya raka shi har titi, ya ce masa yanzu shi ne uba a gidan nan, yara sun girma, Maryama ta kusa zama budurwa ba ta iya alwala ba, lokaci ya yi da za a dawo da su. Tsoho ya sa hularsa ya hau mota. Na san abin da za su ɗauka a Partago: duk ranar da yaran suka taka Parakou, ba za a bar su su koma ba.

Ga ni kuma cikin takaba, ba fita, ba kwalliya, daga ɗaki sai tsakar gida. Ni da ban taɓa zama wuri guda ba tun ina yarinya! Disamba ta kama, na fara jin yaran Kiristocin unguwa suna gwajin waƙoƙinsu da yamma, 'yan kasuwa suna wucewa da kaji a kan babur. Na rasa inda zan sa kaina. In share tsakar gida, in sake sharewa. In fito da tukwane in wanke, alhali a wanke suke. Wayata tana ɗaure a bakin zane, ko banɗaki da ita nake shiga, da ta yi ƙara sai in duba in ga masu gaisuwa ne. In kira su da kaina? In ce me? Mu ba mu taɓa koyon wata magana da mutanen nan ba sai ta akuya, ga mai wuƙar ya tafi. Jikokin nan na gida suna ta zuwa suna tambayata, Kaka, bana ba za a je ba? In daka musu tsawa su watse, in koma ɗaki in yi kuka.

Na gwada Babba. Kullum da hantsi yakan zo daga Ladjifarani ya gaishe ni ya ajiye cefane, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba, bai taɓa fashi ba. Na ce masa ga wuƙar ubanka, ka kwashi yara ka je ka yi abin da ya saba. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi masa aikin gafara. Ya yi karatu, ya ce, kuma abin da ya fahimta shi ne bai kamata ya sa hannunsa a yankan idin wani addini ba. Da babansa na da rai ya yi shiru saboda girman uba, amma shi ba zai ɗora daga nan ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ambaci Bashiru. Da na ambaci Bashiru idonsa ya kawo ruwa, ya ce ai saboda Bashirun ne yake son yaran su dawo, me zai ce masa ranar gobe? A nan na gane ba taurin kai ba ne kawai, shi ma abin na cinsa. Amma ganewar ba ta rage mini komai ba.

Ranar Nowel ta zo, waya ba ta yi ƙara ba. Na yi sallar asuba na zauna a bakin gado, na ce shi ke nan, Maryama, igiyar ta tsinke. Babba ya zo da cefanensa da 'ya'yansa biyu, yana tsugune a ƙofar ɗakina muna gaisawa, sai muka ji mota ta tsaya a waje, sannan kukan akuya. Na ce a raina ta maƙwabta ce. Sai ga Yusufu ya shigo da baya da baya yana jan igiya, akuya ja mai ƙiba tana turjewa. Bayansa takwarata, ta yi tsawo har na so in kasa gane ta, ɗauke da doya a ka. Bayanta Rozin. Baba Pol ya tsaya a bakin zaure cikin kwat ɗinsa ta zuwa majami'a, duk gashin akuya ya manne mata, don a kan cinyarsa ta yi rabin tafiyar. Ranar bikinsu guda, sun bar gidansu da baƙinsu da dangi, sun ɗauko abincin bikin da ransa sun kawo gidan makoki.

Ban san lokacin da na rungume yaran ba. Yusufu yana ta ba ni labari, shi ya yi kiwonta tun tana ƙarama, shi yake yanko mata ganye kafin ya tafi lakwal. Na ce kai, mai gidana, ashe ka iya kiwo, to bana ba zan sake ka ba. Da na faɗi haka na ga Rozin ta ɗago kai da sauri, ni kuwa wasan jika nake yi. A nan na ga irin tsoron da suka taho da shi.

Baba Pol ya gaishe ni daga nesa, da Hausarsa da ke gauraye da yaren Dendi. Ya ce sun san ba na fita, shi ya sa ba su kira ba, don kada su sa ni cikin damuwa. Sannan ya juya wajen Babba.

"Alhaji, ga akuya. Tun da aka fara, wuƙar gidan nan ce ke yanka mana."

Babba ya miƙe tsaye. Cikin ladabi ya yi maganar, ban ce ya yi rashin kunya ba. Ya ce sun yi maraba da su, za a dafa musu abinci, amma shi ba zai yanka ba. In suna so ya aika mayanka a kira wani, yanzu za a gama. Kuma tunda Allah ya kawo yaran da ƙafarsu, sai a zauna a yi maganar da ya fara ranar ta'aziyya.

Akuya tana ta cin ɓawon doya. Rozin ta miƙa hannu ta kamo wuyan rigar Yusufu ta jawo shi jikinta. Baba Pol ya dubi Babba.

"In nama muke so, Alhaji, da ba mu bar Partago ba," ya ce. "Jozef, kwance ta."

Yaron ya duƙa yana kwance igiyar daga jikin turmi, yana waiwayena. Ku saurara da kyau, don a nan masu surutu suke ɓata labarin. Ni ban tuna da Babba ba a lokacin, ban tuna da mutanen unguwa ba. Abin da na gani kawai shi ne akuyar nan in ta fita ƙofar nan da ranta, ba za ta dawo ba, yaran ma haka. Tsohon nan ya sa jikokinsa a hannunmu ya zo, an mayar masa da hannu. Ba zai sake ba, ni ma da ni ce ba zan sake ba.

Na shiga ɗaki na jawo wuƙar babanku daga ƙarƙashin gado, tana cikin kubenta na fata. Na fito na tsaya gaban Babba.

"Kai mai karatu ne, kuma ban taɓa jin ka yi ƙarya ba. In mace Musulma ta ambaci sunan Allah ta yanka dabba, ta haramta?"

Ya dube ni, ya dubi wuƙar.

"Inna, don Allah."

"Tambayarka na yi."

"Ba ta haramta ba," ya ce, da ƙyar ake jinsa. "Amma ba a yi."

Na ce to yau za a yi. Ni da ko kaza ban taɓa yankawa ba, sai in aika a nemo namiji. Amma shekaru nawa ina tsaye a bayan babanku ina riƙe da kwanon ruwa? Na san a ba dabba ruwa ta sha tukuna. Na san a ɓoye mata wuƙa. Na sa Yusufu ya tona ɗan rami a gindin bango, Baba Pol ya cire kwat ya kayar da ita ta fuskanci alƙibla, ya danne ƙafafu, Rozin ta kama na baya. Na ɗaure mayafin takaba a ƙugu na durƙusa. Hannuna bai yi rawa ba. Na lalubi wurin da yatsa kamar yadda na ga yana yi, na ce Bismillahi, Allahu akbar, na ja. Jini ya yi tsartuwa har gaban rigata. Da na ɗago, takwarata ta rufe fuska da tafin hannu tana leƙe ta tsakanin yatsu, Babba kuma ya kama hannun 'ya'yansa sun kai zaure.

Aka yi fiɗa, aka daka sakwara a turmina, aka gasa hanta aka fara ba ni. Na ci ina hawaye, ban san na daɗi ne ko na baƙin ciki ba. Na aika wa maƙwabta nama, wasu suka karɓa, wasu suka dawo da kwanon yadda ya je. Da la'asar na raka su iyakar zaure, inda takaba ta tsayar da ni. Na ce wa Rozin ta kwashi 'ya'yanta ta tafi da su, babu mai taɓa su muddin ina numfashi. Baba Pol ya sa kwat ɗinsa, ya ce baɗi akwai akuya.

Abin ya ci mini, kada ku ce ban biya ba. Kafin magariba labari ya gama Kpébié. Matan da muke zuwa islamiyya tare suka riƙa matsawa in na zauna. An yi sunaye da bukukuwa a unguwar nan da sai dai in ji kiɗa. Wannan duk bai dame ni ba kamar na Babba. Bai daina cefane ba, bai daina gaisuwa ba, amma ya daina cin abincin hannuna, kuma ya hana 'ya'yansa tafiyar. Shekara ta zagayo na cika bashe da sauran jikoki, wurin 'ya'yansa a bakin mota babu kowa, babu mai dambe a kai. Na je neman jikoki biyu na rasa biyu a yinin. Duk shekara ni ke yanka a Partago, har tsofaffin garin sun daina taruwa kallo. Takwarata yanzu tana koyon aikin jinya a nan Parakou, ran Lahadi ta je majami'arta, ta biyo ta nan ta wanke mini kaya. Ba ta yi salla ba har yau, kuma abin yana mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma ta san ƙofar gidan ubanta, ta san inda nake ajiye gishiri.

Bara ƙafafuna suka kumbura, likita ya ce ban da motar haya. Na ce ko da rarrafe zan je. Ana gobe tafiya Babba ya aiko cewa zai kai ni da motarsa, don ba zai bari a ce uwarsa ta faɗi a tasha ba, amma shi ba zai fito ba. Haka aka yi. Ya tsaya a ƙarƙashin mangwaro ya ɗaga gilashi, yana jan carbi. Aka kayar da akuya, Yusufu ne ya danne ta, ya zama saurayi har da gashin baki. Na durƙusa da ƙyar, na zare wuƙa, sai hannun ya ƙi. Rawa yake yi kamar ba nawa ba. Na ajiye, na sake ɗauka, bakin wuƙar yana ta kaɗawa a kan wuyan dabba, kuma na san in na ja a haka azabtar da ita zan yi. Ban ji buɗe ƙofar mota ba, inuwa kawai na gani ta rufe ni. Bai karɓi wuƙar ba. Ya durƙusa a gefena ya ɗora hannunsa a kan nawa ya damƙe, har rawar ta tsaya.

"Yi bisimilla, Inna."

Na yi, muka ja. Ya tashi ya wanke hannu ya koma mota, bai ci ko loma ba. Har muka iso Parakou bai ce uffan a kai ba, ni ma ban ce ba, kuma har yau maganar ba ta taɓa haɗa mu ba.

To, ga Disamba ta sake kamawa. Yaran unguwa sun fara gwajin waƙoƙinsu, ni kuma na fara share inda na riga na share. Shekaranjiya takwarata ta ce kakanta ya ce a gaya mini akwai akuya. Wuƙar tana nan ƙarƙashin gado, jiya na wasa ta. Hannuna ba zai ƙara iyawa shi kaɗai ba, kuma wanda nake nufi ya sani.